Ƙaramin Dogo a Lambu: Tarihin Kan Jirgi Mai Dizal da Ba Ya Shan Gazuwal

Mu mutanen kudancin Nijar, jirgin ƙasa abu ne da muka fi sani a bakin fatake da ƴan ci-rani. Kakanninmu da suka kai gyaɗa da fatu Kano sun gan shi da idonsu, domin dogo ya iso can tun 1911. Wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, daga nan sai kamyo. An shimfiɗa wani daga Yamai zuwa Doso, aka yi bukinsa a 2016, amma bai zama hanyar fatauci ba. Saboda haka idan na ce wa mai karatu akwai ƙasar da dattijo mai furfura zai shimfiɗa dogo a bayan ɗakinsa, tsakanin furanni da ciyawa, ya ƙera kan jirgin da bai fi tsawon takalminsa ba, ya ja kujera yana kallonsa yana kewaya, amsar da zan samu na san ta: ƙoshi ne. Akwai ƙoshi a ciki, ba musu. Sai dai wannan wasa yana da tarihi na kimanin shekara 150, kuma waɗanda suka fara shi ba su yi niyyar wasa ba ko kaɗan.

Na farkonsu Bafaranshe ne, Paul Decauville, manomi a Petit-Bourg, kudu da Paris. A kakar 1875 ruwa ya yi yawa, gonakinsa suka zama taɓo, amalanken doki suka kasa fid da saiwar sukarin da ya noma. Sai ya sa aka ƙera masa gajerun guntayen dogo masu faɗin santimita 40, marasa nauyi, yadda za a ɗauka a aza, a kwashe a kai gaba. Amfanin gona ya fita. Shi kuwa daga nan ya koma sayar da dogo a duniya, har sunansa ya zama sunan abin a Faransanci.

Na biyu Bature ne na Ingila, Arthur Heywood, wanda aka haifa a 1849 a gidan sarauta da dukiya. Ya yi karatu a Kambirij, kuma a zamaninsa ba a tsammanin ɗan irin gidansu ya ɓata hannu da baƙin mai. Shi kuwa maƙera ce ta ɗauke masa hankali. Tambayar da ya sa a gaba guda ce: mene ne mafi ƙanƙantar faɗin dogo da zai ɗauki mutum da kaya ba tare da tarago ya kife ba? Ya gwada inci 9, ya ga jirgin yana tafiya amma ba ya jure motsin fasinja. Sai ya tsaya a kan inci 15, wato milimita 381, ya ce ƙasa da haka ba aiki. Daga 1874 ya shiga shimfiɗa irin wannan dogo a kan tudun da ke bayan gidansa na Duffield Bank, kusa da Derby, da gangan ya bi da shi ta hawa mai tsanani da kwana mai kaifi, ya fasa dutse ya yi ramukan wucewa, ya gina gada, domin duk wanda ya zo ya ga abin da ƙaramin jirgi zai iya. A maƙerarsa ya ƙera kawunan jirgi masu tururi: Effie da farko, sa'an nan Ella a 1881, sai Muriel a 1894. Har taragon cin abinci da na kwana ya yi, ko da yake dogon duka bai wuce tafiyar ƴan mintoci ba. A nan dai za a iya cewa wasa ya ɗan leƙo ta taga.

Waɗanda yake so su saya manyan masu gonaki ne da sojoji. Lissafinsa shi ne, gidan da ke jigilar dubban tan na gawayin ƙasa da katako da bulo kowace shekara, ƙaramin dogo zai fi masa amalanken doki arha. Ya rubuta littafi a kan haka, ya buɗe ƙofarsa ga baƙi, hafsoshin soja suka zo suka duba suka yaba suka tafi. A tsawon rayuwarsa babban ciniki guda ya samu: Sarkin Westminster ya sa ya shimfiɗa masa dogo na kimanin kilomita 7 a fadarsa ta Eaton Hall a 1896, ya haɗa ta da tashar babban jirgi ta Balderton, da kan jirgi mai suna Katie. Dogon ya yi aikin da aka ce zai yi, shekara hamsin cur. Amma sauran masu dukiya ba su biyo baya ba, domin kafin su gama shawara mota ta iso. Heywood ya rasu a watan Afrilu na 1916.

Tun kafin rasuwarsa wasu sun ɗauki faɗin nan nasa sun juya shi wata fuska. W. J. Bassett-Lowke, ɗan kasuwar Northampton mai sayar da ƙananan injuna, da injiniyansa Henry Greenly, sun lura da abin da Heywood bai kula da shi ba: jama'a ba su damu da jigilar gawayi ba, abin da ke jan su shi ne su ga babban kan jirgin da suka sani ya ƙanƙance kamar an yi masa sihiri, su hau bayansa su biya kuɗi. A 1905 suka kai irin wannan jirgi, Little Giant, bakin teku a Blackpool. Tsakanin hanyoyin nan biyu akwai bambanci na asali. Jirgin Heywood bai kwaikwayi kowa ba. An yi shi daidai jikin mutum, da faɗinsa da ƙarfinsa, domin ya yi aiki. Na Greenly kuwa sura ce ta wani babba, an rage kowane gefe nata da awo ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Duk tarihin da ya biyo baya jayayya ce a kan wannan magana, kuma ba inda jayayyar ta fi zafi kamar wajen injin dizal.

Rudolf Diesel, Bajamushe haifaffen Paris, ya sami injinsa ya yi aiki sosai a Augsburg a 1897. Sirrin injin shi ne ba ya bukatar tartsatsi. Fistin yana matse iska cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500, sa'an nan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Mutanen Maraɗi za su so su ji cewa a baje kolin duniya na Paris na 1900 an tafiyar da irin wannan inji da man gyaɗa, bisa roƙon gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Diesel ya ɓace daga jirgin ruwa a kan hanyar Ingila a watan Satumba na 1913, shekara guda bayan an gwada babban kan jirgin ƙasa na farko mai injinsa. Amma injunan dizal na wancan lokaci manya ne masu nauyi, don haka a kan ƙananan dogo injin isansi ne ya riga shi shiga.

Yadda ya shiga ɗin ma abin lura ne. A 1909 Bassett-Lowke ya ƙera wa mai gidan Blakesley Hall wani kan jirgi mai suna Blacolvesley. A ido mai tururi ne, da bututun hayaƙinsa da tukunyarsa. A ciki kuwa injin mota ne. Wato tun ranar farko an ji kunyar injin mai, aka sa masa rigar wani. Wannan kan jirgi yana nan har yanzu.

Yaƙin duniya na farko ne ya cire kunyar. Faransawa da Jamusawa sun shiga yaƙin da ƙaramin dogo mai faɗin santimita 60, jikan na Decauville, suna kai harsashi da abinci bakin daga. Ingila ta dogara da mota da doki, sai da taɓo ya koya mata darasi ta rungumi ƙaramin dogo a 1916, shekarar da aka binne mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi mata wannan nasiha. A kusa da ramukan sojoji kan jirgi mai tururi haɗari ne: da rana hayaƙinsa ya tona asiri, da dare wutarsa, sai igwa ta sauka. Sai kamfanin Motor Rail na garin Bedford ya ƙera ɗaruruwan ƙananan kawuna masu isansi da ake kira Simplex, masu ƙarfin doki 20 da 40. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Shasi ne na ƙarfe, ƙafa huɗu, inji a gicciye, sarƙa, da kujerar da direba ke zama a kaikaice domin ya ga gaba da baya. Wasu an lulluɓe su da sulke har sun yi kama da kunkuru. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjonsu, suka bazu cikin ma'adinan dutse, wuraren yin bulo, gonaki da ramukan yashi. Daga wajen 1930 kamfanoni irin su Ruston da ke Lincoln suka soma sa musu injin dizal, sura kuwa ba ta canza sosai ba. Wannan mummunan akwati mai ƙafa huɗu shi ne kakan yawancin ƙananan kawunan dizal da ake ƙerawa a lambunan Ingila.

Jiragen Heywood su ma ba su tsira daga wannan sauyi ba. Bayan rasuwarsa Ella da Muriel sun koma dogon Ravenglass, a arewa maso yammacin Ingila, wani tsohon layin jigilar tama mai kilomita 11 da Bassett-Lowke ya mayar inci 15 a 1915. A can suka yi aikin da mai su ya yi mafarki, suna jan tsakuwa daga ma'adini. A 1927 aka sake wa Muriel jiki da suna, ta zama River Irt, kuma tana jan fasinja har yau. Ella kuwa aka cire mata tukunya aka ɗora injin mota a kan shasinta. Bayan shekaru aka ɗauki wasu sassan ƙafafunta aka sa a wani sabon kan jirgi mai dizal, Shelagh of Eskdale, wanda aka gama a 1969. Ƙarfen da aka ƙera a 1881 domin tururi ya ga isansi, ya ga gazuwal.

Malaman makaranta za su fi son labarin dogon Romney, a kudu maso gabas, wanda wani attajiri mai tseren mota, Kyaftin Howey, ya buɗe a 1927, tsawonsa ya kusa kilomita 22. Howey wasa yake yi, bai ɓoye ba. Har motarsa Rolls-Royce ya sa aka mayar kan jirgi. Amma a yaƙin duniya na biyu sojoji sun karɓe layin suka sa masa jirgi mai sulke, kuma daga 1977 hukumar yankin Kent ta ɗauke shi haya ya riƙa kai ƴan lakwal makaranta a New Romney kowace safiya. A nan aka ga iyakar tururi. Kafin a ja jirgin safe sai wani ya tashi tun duhu ya hura wuta ya jira tukunya ta yi zafi, rani da ɗari. A 1983 aka kawo kan jirgi mai dizal saboda wannan aiki, wanda ake murɗa makulli ya tashi. Jirgin ƴan makarantar ya yi ta kai da kawowa har 2015.

Duk waɗannan jirage ne da mutum ke hawa, kuma sai mai fili da dukiya. Jirgin lambun talaka ya fito ta wata ƙofa, ta masu kayan wasan yara na Jamus. A baje kolin Leipzig na 1891 kamfanin Märklin ya fito da dogo mai ƙayyadadden faɗi, yadda abin da aka saya bana zai hau kan na bara. Ɗaya daga cikin awon nan shi ne milimita 45. An daɗe ana shimfiɗa irinsa a waje, kamar a ƙauyen kwaikwayo na Bekonscot da aka buɗe a 1929, amma kwano yana tsatsa, kuma da gidaje suka ƙanƙance sai jiragen wasa suka ƙanƙance suka koma kan tebur. A 1968, shekarar da Ingila ta sallami tururi daga manyan layukanta, ƴan'uwa biyu na gidan Richter a Nuremberg suka fito da LGB: jirage na roba mai jure ruwa da rana, a kan dogon tagulla mai milimita 45, an rage su sau 22.5. Mai karatu ya ninka 45 sau 22.5, zai sami kusan mita ɗaya, wato faɗin dogon Kwatano zuwa Paraku. Kamfanin ya karye a 2006, Märklin ya saye shi a 2007.

Turawan Ingila sun bi tasu hanya. Bayan yaƙi na biyu ƙananan layukan ƙasar Wales masu jigilar allon dutse suna mutuwa, sai ƴan sa-kai suka soma ceto su, Talyllyn a 1951, Ffestiniog bayanta. Abin da ya ja jirgin fasinja na farko da aka farfaɗo da Ffestiniog a 1955 wani tsohon Simplex ne, ragowar yaƙin farko. Samarin da suka yi wannan aiki da hannunsu, da suka koma gida sai suka so su ga irinsa a lambu. Suka zaɓi awon milimita 16 a madadin kowace ƙafa, wato ragi sau 19, a kan dogo mai milimita 32. Suka kafa ƙungiyarsu a 1977. A wajensu ne ƙera kan jirgi da hannu ya zama al'ada, kuma ɗan koyo kusan kullum da mai dizal yake farawa, domin tukunyar tururi tana son gwanintar walda da gwajin matsi, akwatin Simplex kuwa ko da zarto da magagari a kan teburin ɗakin girki za a yi shi.

To, a nan ne maganar kama da wane ta dawo. Tururi yana yarda a rage shi. Ƙaramar tukunya mai girman gwangwanin tumatir, da ruwa da wutar gas, za ta tura fistin kamar yadda babba ke yi. Dizal ba ya yarda. Idan aka rage tsawo sau 19, to ciki yana raguwa sau 19 sau 19 sau 19, wato sau 6,859. Silindar da ke cin lita guda za ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na santimita kubik, ɗigo biyu ko uku na ruwa ke nan. Fatar silindar kuwa sau 361 kawai ta ragu. Saboda haka a ƙaramin inji bango ya yi wa iska yawa, yana shanye zafin tun kafin matsi ya kai inda mai zai kama, kamar yadda shayi ke saurin hucewa a ƙaramin kofi alhali na cikin buta yana nan da zafinsa. Ga kuma matsalar famfon da zai auna ƙurar mai da ido ba ya gani, ya fesa ta a daidai lokacinta. Masu ƙananan jiragen sama suna da wani inji da suke kira dizal tun shekarun 1940, amma ba gazuwal yake sha ba, haɗi ne mai ita a ciki, wadda ke kamawa da ɗan zafi, kuma gudunsa ya fi ƙarfin jirgin lambu. Akwai ƴan tsiraru masu taurin kai da ke ɗaukar injin ƙaramar motar tsere su haɗa shi da janareta ya ba ƙafafu wuta. Abin yana tafiya, da ƙara mai kashe kunne da hayaƙin da maƙwabta ba sa godiya. Wannan darasi ne da malamin lissafi zai iya kai wa aji ba tare da ya sayi kome ba.

Don haka kan jirgi mai dizal na lambu, in an buɗe cikinsa, batir ne da ƙaramar motar lantarki. Mai ƙira yakan fara da shasi, faranti biyu na ƙarfe ko tagulla da aka huda tare domin ramukan gatari su yi daidai. In suka saɓa da ɗan kaɗan, jirgin zai yi ta ɗingishi har ya sauka daga dogo. Sa'an nan ƙafafu, a auna tazararsu. Sai babbar wahala, wato rage gudu. Kan jirgin ma'adini da ke tafiyar kilomita 10 a awa, in an rage shi sau 19, bai kamata ya wuce santimita 15 a daƙiƙa ba, alhali motar lantarki tana juyi dubbai a minti. Sai an sa giya mai dunƙule kamar sukurun da ke juya haƙoran wata, a rage juyin sau talatin ko fiye, a ɗaura sarƙa tsakanin gatari biyu yadda ƙafa huɗu za su ja tare, kamar dai yadda Simplex na gaske yake. Nauyi ma ya ragu sau dubbai, don haka ake cusa dalma a duk inda aka sami gurbi, in ba haka ba ƙafafu su yi ta sulɓi a kan dogon da raɓa ta jiƙa. Jiki kuwa na siririn katako ne ko roba ko kwano, yanzu har da wanda na'ura ke fitarwa daga zanen kwamfuta. An fi son batir a kan tura wuta ta dogo, domin a waje ganye da ƙasa da kashin tsuntsu suna yanke wutar.

A ganina masu raina wannan jirgi da cewa na ƙarya ne ba su duba babban da kyau ba. Yawancin manyan kawunan dizal, har da waɗanda ke shiga Kano, motocin lantarki ne ke juya ƙafafunsu. Injin dizal ɗin janareta kawai yake turawa. Ƙaramin ya ajiye rabin farko ne ya riƙe na biyu. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yaran Zinder ko Tawa suna lanƙwasa waya, suna fere kara, suna yanka tsohon silifa su yi wa motarsu taya, ya san cewa tambayoyin da suke fama da su, na gatari da daidaito da abin da zai riƙe ƙafa kada ta fita, su ne na dattijon can. Bambancin da na gani shi ne a Ingila an yi wa abin mujalla tun 1898, Model Engineer, inda ake buga zane da awo, wanda ya gano dabara ya rubuta ta wani ya ɗora. Motar karan yaronmu kuwa in ta karye ta tafi da dabararta.

Abu na ƙarshe da masu ƙirar ke yi shi ne ɓata abin da suka gyara. Sukan shafa wa sabon fenti launin tsatsa da baƙin mai, su lotsa murfin inji, su aza ɗan guntun sarƙa da bokiti a gefe, domin ba wanda ya taɓa ganin Simplex mai tsabta. Wasu kuma sukan je inda aka adana na gaske, su ɗauki muryar injinsa yana tashi da sanyin safiya, su zuba ta cikin ƴar na'urar da ba ta fi akwatin ashana ba, su ɓoye ta ƙarƙashin kujerar direba. In aka taɓa maɓalli sai a ji tari biyu ko uku, sa'an nan bugun ya daidaita, akwatin ya motsa a hankali ya nufi gindin furanni da taragu uku na tsakuwa a bayansa.